Abu Halala da Rubu'insa Mai Ninki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan Baba Sanusi a layin burodi a unguwar Sharafiyya ta Jidda ya san irin surukin da Allah Ya ba ni. Za a miƙo masa tamis da zafinsa, a miƙo masa canji. Maimakon ya matsa ya ba na baya wuri, sai ya maƙale burodin a hammata, ya jawo adasarsa, ɗan gilashin nan irin na masu gyaran agogo da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi, ya kafa a ido. Ya ɗauki ƙwandala ɗaya ya karkata ta wajen rana, ya juya bayanta, ya sake karkatawa. Mutum goma a bayansa, wani ya makara aiki, wani ya bar mota a kunne, mai tanda yana ta "Yalla ya ammi, yalla!" Shi kuwa ko gezau. In ya ga dama ya amsa, ba tare da ya ɗago ba: "A karkata shi tukuna."

Wannan kalma da ita ya rayu. In an kawo masa labari, a karkata shi tukuna. In an nuna masa kifi a kasuwa, a karkata shi tukuna. Ranar da na je gaishe shi a matsayin mai neman 'yarsa Ramlatu, ina durƙushe ina zufa, wallahi sai ya ce, "Bashir, matsa kusa da taga. Juya kunci." Na yi dariyar kunya, na ɗauka zolaya ce irin ta manya. Ashe jira yake. Haka na matsa, na juya kuncin dama, na juya na hagu, ni telan da ke da shago da ma'aikata biyu. Ya ce, "Hm. Bugun ba laifi. Tashi." 'Yan unguwa Abu Halala suke ce masa, wato baban kwabbai, shi kuma yana amsawa da fara'a don a ganinsa sarauta ce.

Shekara talatin ya yi a wani sito a tashar jiragen ruwa, aikinsa duba tambarin buhuna. A can wani injiniyan jirgi da suka yi sati uku ana musu gyara ya ba shi adasar, ya koya masa abin da ya zame mana jarrabawa a gida. Ni dai na ji bayanin nan fiye da yadda na ji huɗubar Juma'a, don haka ku yi haƙuri in sauke muku shi yadda yake faɗa.

"Kuɗin ƙarfe," in ji Baba, "da hatimi ake buga shi. Shi hatimin ma wata uwa ce ake danna masa zanen da ita, kuma ba sau ɗaya ba. In aka zo danni na biyu uwar ta goce ko da kaurin gashi ne, halas! Hatimin ya ɗauki rubutu biyu, ɗaya a kafaɗar ɗaya. Duk ƙwandalar da ya buga har ya tsufa da wannan ninkin za ta fito, wuri ɗaya, iri ɗaya. Shi ne na gaske, shi masu tarawa ke bi ƙasa-ƙasa suna nema. Akwai kuma na banza. Hatimi lafiyarsa ƙalau, inji ne ya girgiza lokacin bugu, ya kankare gefen harafi. Wannan ko kyauta aka ba ka, asara ka yi."

"To Baba, yaya ake bambancewa?" Dole ka tambaya, in ba ka tambaya ba zai maimaita daga farko.

"Yawwa! Na gaske rubutun biyu duk a tashe suke, masu tudu, harafin ya yi ƙiba, bakinsa ya rabe kamar kofaton akuya. Na inji a kwance yake, a shafe, kamar dakali, harafin ma ramewa yake yi. Amma ba ka gani sai haske ya zo ta gefe. Shi ya sa nake ce muku a karkata."

Duk wannan ilimi a kan ƙwandala ɗaya tak ya ƙare. Rubu'in riyal ne, halala ashirin da biyar, tsohon bugu mai dabino da takubba, wanda wani mai ful, dafaffen waken nan, ya ba shi canji. Baba ya rantse lambobin shekarar a ninke suke, ninkin hatimi na gaske, har da wani ɗan tsage a gindin dabinon da ya ce shaidar hatimin ce. A cikin auduga yake ajiye shi, audugar a cikin gwangwanin ashana na ƙarfe, gwangwanin a aljihun ƙirji. Inna Maimuna, matarsa, takan ce ita da ta haifa masa 'ya'ya ba a taɓa naɗe ta a auduga ba.

Mutum ɗaya ne a duk Jidda ya isa ya ƙaryata shi, wato Usta Usman. Kun san shi, ga shi can da rawaninsa. Bahaushen Sudan, dogo, mai juya ƙarfe a wajen gyaran injuna na tashar, abokin Baba tun suna samari. Ranar da Baba ya nuna masa rubu'in a ƙofar masallaci bayan la'asar, Usta ya sa adasa ya duba, ya daɗe, sannan ya miƙa masa abinsa.

"Girgizar inji ce, ya zol."

"Inji? Ka ga kofato ka ce dakali?"

"Ni da ƙarfe muke kwana muke tashi. Kai buhu ka sani."

"To buhun ya fi ka ido!"

"Ba sai mun yi faɗa ba," in ji Usta. "Kai ka ce hatimi ne ya ninku. Hatimi ba ƙwandala ɗaya yake bugawa ya tafi hutu ba. Ina 'yan'uwansa? Kawo mini guda ɗaya, ninki wuri ɗaya, tsage wuri ɗaya. Ranar da ka kawo, zan cire rawanina in ɗora takalminka a kaina, daga ƙofar masallacin nan har ƙofar gidanka, da rana a idon jama'a. In kuma ka gaji ka sallama, kai za ka ɗauki nawa."

Liman ya ce shi ba ruwansa da wannan shirme, amma bai tafi ba sai da ya ji ƙarshe. Wani ya ce ai wannan caca ce. Baba ya ce, "Wace caca? Ba kuɗi a ciki, takalmi ne." Kuma ku tuna wane takalmi ake magana. Na fatar nan guda ɗaya, wanda aka yi wa gindi da tayar mota sau uku, har mai gyaran ya ce ba sauran inda allura za ta shiga. Tun daga ranar duk unguwa ke jiran ta ga kan da zai ɗauki takalmi.

Kuma tun daga ranar, kullum bayan la'asar Usta yana gidan Baba. Ba don komai ba sai don ya tambaya, "An samo ɗan'uwan?" Baba ya ce, "Yana hanya." Su zauna a gindin taga, a fito da rubu'in, a sake gardamar daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Baba kuwa kun san hannunsa. Ganyen shayi ɗaya sai ya yi masa dahuwa uku, yana shanya shi a murfin tukunya tsakanin dahuwa da dahuwa, sukari kuwa da bayan cokali yake aunawa. Usta ya sha wannan ruwan zafi na sati guda ya ga ba zai iya ba, sai ya fara zuwa da ledar sukarinsa da ganyensa, wani lokacin har da kwanon ful. Baba ya ce wannan ita ce kaɗai hujjar da Usta ya taɓa kawowa mai ƙarfi.

Ni kuma ta ƙofar sadaki na faɗa cikin rikicin. Da kawuna ya je tsayar da magana, Baba ya yanka sadaki mai sauƙi, har kawu ya fara yi masa addu'a. Sai ya ce, "Amma riyal ɗari biyar daga ciki rubu'-rubu' nake so. Tsohon bugu."

Kawu ya ce, "Alhaji, rubu'-rubu' kamar yaya?"

"Na ƙarfe. Guda dubu biyu ke nan. Yaro ne, yana da ƙafa."

Jama'a, wata biyu na yi ina yawo! Ba bakala, wato ƙaramin kanti, da ban shiga ba daga Sharafiyya har Balad. Masu wankin mota sun san ni, masu shayi sun san ni, wani mai kanti har ya tambaye ni ko injin sayar da lemo na buɗe. Na tara su a buhun shinkafa, na saɓa a kafaɗa na hau da shi bene hawa uku. Sauran angwaye ambulan suke miƙawa, ni dako na yi.

Ramlatu ce ta ba ni labarin sauran daga baya. Baba ya shige ɗaki da buhun ya rufe ƙofa, kwana uku ba ya fitowa sai salla. Rana ta uku da hantsi sai suka ji ihu, "Allahu Akbar!" Inna ta yar da ludayi ta ruga, ta ɗauka faɗuwa ya yi. Ta same shi a tsaye a tsakiyar ɗaki, hannu a dunƙule.

"Malam, lafiya?"

"Kyankyaso na gani."

"Kyankyaso ne har da kabbara?"

"Babba ne."

"To ka samu abin naka?"

"Babu. Duk na banza ne. A gaya wa yaron na ba shi."

Da yamma kuma ya fita ya dawo da gasassun kaji biyu da katan ɗin lemo. Baba Sanusi! Mutumin da ke raba ƙwai ɗaya gida biyu! Inna ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Usta ya ci cinya yana kallonsa da wutsiyar ido, ya ce, "An samo ɗan'uwan ne?" Baba ya ce, "Yana hanya. Ci kazarka." Ni kuwa da labari ya iso ni sai kaina ya kumbura. Na ce ai murnar samun suruki irina ce. Shekara goma sha tara na yi ina ba da wannan labari a majalisa da alfahari, wasunku sun ji shi a bakina fiye da sau ɗaya.

Bayan mun koma unguwar Safa da Ramlatu, yakan zo mana duk Alhamis, kuma nan ya haɗu da babban abokin gabarsa, wato cingam. Kun tuna lokacin da manyan kantuna in canjinka rabin riyal ne sai a miƙo maka cingam a maimakonsa. Ranar farko Baba ya dubi cingam ɗin a tafin hannunsa, ya jawo adasa ya duba shi sama da ƙasa, ya sa a aljihu. Na ce alhamdu lillahi, tsufa ya fara sanyaya shi. Ina! Wata takwas ya yi yana tarawa a gwangwanin madara. Ranar da ya cika ya ce in kai shi kantin. Ya ɗauki galan ɗin man girki, ya zo wajen mai karɓar kuɗi, ya juye gwangwanin a kan tebur.

Saurayin ya ce, "Ya hajj, mene ne wannan?"

"Kuɗin mai."

"Wannan ai cingam ne."

"Makon jiya da ka ba ni, kuɗi ne. Yaushe aka soke shi? Ban ji a rediyo ba."

Layi ya tsaya. Ni na ja gefe ina karanta bayan kwalin omo kamar ban san shi ba. Aka kira manaja, ya zo da murmushinsa na manajoji, ya ce a yi haƙuri, ƙarancin sulalla ne. Baba ya ce, "To ni ma ƙarancin takarda ne ya same ni." Wata mata a layi ta ce wallahi tsohon nan ya fi su gaskiya, ita ma jakarta cike take da cingam. Da manaja ya ga abin zai zama taro, sai ya shiga ciki ya fito da jakar sulalla, wadda minti biyu da suka wuce babu ita a duniya. Baba ya jawo katan ɗin ruwa ya zauna a kai, ya ce a juye, sai ya duba kafin ya karɓa. Minti arba'in! Daga ƙarshe ya zaɓi nasa, ya biya man, ya kuma kwashe cingam ɗin ya mayar gwangwani, wai ai sun ce ba kuɗi ba ne, to ba nasu ba ne ke nan. Shi ya yi ta raba wa jikoki barka da salla har shekara uku. Na shekarar ƙarshe sai an jiƙa shi a ruwa.

Usta ma ba baya ba ne wajen makirci. Shi ya je ya raɗa wa Inna cewa matsalar ba a ƙwandala take ba, a idon Baba take, abu ɗaya yake gani biyu. Inna ta tsorata, ta ce lallai in kai shi asibitin ido. Muka ce masa ni za a duba, ya raka ni. Da muka shiga likita ya ce Baba ya zauna a kujerar, sai ya dube ni, irin kallon da ya sa na ji dama ƙasa ta tsage. Amma ya zauna. Likita ya ɗaga yatsu.

"Nawa ne, ya ammi?"

"Uku. Na tsakiyan ka yanke farcensa a karkace."

Aka gwada shi da allo, ya karanta har layin ƙasa, ya ƙara da sunan kamfanin da ya buga allon. Likita ya ce idonsa ya fi nawa. Sai Baba ya ƙyalla ido ya ga na'urar nan mai fitila da ake leƙa ƙwayar ido da ita. Ai kuwa gwangwanin ashana ya fito.

"Ɗana, wannan abin naka yana ƙara girma?"

"Sosai."

"To tashi mu yi aiki. Karkato fitilar ta gefe."

Marasa lafiya na jira a waje, likita da Baba sun haɗa kai a kan rubu'in riyal. Can likita ya ce, "Wallahi ya ammi, lambobin biyu-biyu ne." Baba ya ce, "Rubuta. Ka sa hannu, ka buga hatimi." Bawan Allah ya ga ba mafita, ya rubuta a takardar magani ya buga.

Da la'asar Baba ya shimfiɗa takardar a gaban Usta kamar takardar gida. Usta ya karanta ya ce, "Ni na taɓa cewa ba biyu ba ne? Cewa na yi inji ne. Wannan likitan ido ne ko likitan ƙarfe?" Sai ya kai takardar kusa da fuska, ya fashe da dariya. "Zo ka gani, ya zol. Dubi hatimin likitan naka. Hannunsa ya girgiza da zai buga, sunansa ya fito biyu. Hatimin lafiya lau, hannu ne ya goce. Irin naka ke nan, ka kawo mini shaida da kanka!" Baba ya sa adasa ya duba hatimin, ya naɗe takardar a hankali. Kwana biyu bai ci ful ɗin Usta ba. Ƙarya nake, ya ci, amma bai ce an gode ba.

To, shekaru suka ja. Aka fito da sababbin sulalla, tsofaffin suka fara ɓacewa. Daga baya ma ko'ina ka je sai a ce maka "Shabaka?", ka goga kati ka wuce. Baba ya ce kati ba kuɗi ba ne, murfin gwangwani ne, abin da ba ya ƙara in ya faɗi ƙasa. Ya ci gaba da bin 'yan bakalolin da suka rage da takalmin nan nasa, ƙafa tana ja, yana tambayar ko akwai tsohon rubu'i a ƙasan aljihun tebur. Dariyar da mutane ke yi masa ta fara komawa tausayi, kuma ni wannan ya fi ƙona mini rai. Shi ma Usta a lokacin matarsa ta rasu, 'ya'yan sun watse garuruwa, shi kaɗai ne a ɗakinsa. Wata rana na tare shi a matakala.

"Usta, don Allah ka ce ka yarda mana. Ba sai ka ɗauki komai ba. Tsohon nan ya huta da yawo."

"In yi masa ƙarya?"

"Ƙaryar rubu'in riyal, Usta?"

"Ya kawo ɗan'uwan," ya ce, ya wuce ni da ledar sukarinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji haushinsa ƙwarai. Na ce wa Ramlatu wannan mutum ba shi da tausayi, zai bar abokinsa ya mutu ana ce masa mai ganin biyu.

Haka kuwa aka yi. Baba ya kwanta ciwo, ciwon kuma bai daɗe ba. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa yana mana bayani da murya ƙasa-ƙasa, sai muka ji daga gado, "A karkata shi tukuna." Likita ya karkata. Baba ya duba ya ce, "Na gaske ne. Ku kai ni gida." Kwana shida bayan nan Allah Ya karɓi abinsa da safe, aka yi masa sutura da azahar. A hanyar dawowa daga maƙabarta na ji wani yana cewa, "Allah sarki, ya tafi bai samu ɗan'uwan ba."

Ranar uku bayan la'asar, muna zaune a gindin tagar nan, sai Ramlatu ta miƙo mini ambulan daga ciki, ta ce Inna ce ta same shi a ƙasan gwangwanin cingam. A bayansa Baba ya rubuta da ajami: "Na Usta. A ba shi ranar uku, ba kafin nan ba, kada ya fasa kawo ful ɗin makoki. A buɗe da la'asar, lokacin hasken taga ya fi kyau." Wasu suka yi dariya suna share ido. Usta ya buɗe. Auduga biyu suka faɗo da 'yar takarda. Ya miƙo mini takardar ya ce in karanta da ƙarfi.

"Usta, assalamu alaikum. Ga ɗan'uwan. Ka dubi bakin lambobin, ka dubi tsagen gindin dabino. A buhun sadakin Ramlatu na same shi, ranar kyankyaso. Don shi na ba Bashir yarinyar, in ba haka ba da sai na ƙara karkata shi."

Nan fa ɗakin ya ɗauka da dariya. Ni da nake karantawa na rasa inda zan sa fuskata. Kaji biyun da na yi shekara goma sha tara ina taƙama da su, ashe na rubu'in riyal ne! Kuma shekara goma sha tara tsohon nan yana tare mana layin burodi, yana kunyata ni a kanti, yana wahalar da likita, alhali abin yana ƙasan gwangwani! Usta kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Ci gaba."

"Ban nuna maka ba don na san halinka. In ka ɗauki takalmina sau ɗaya, kunya ba za ta bar ka ka sake tako gidan nan ba. To wa zai kawo sukari? Na ci ka, Usta. Takalmin yana bayan ƙofa, amma na yafe."

Usta ya ce a ba shi adasa. Ya jera ƙwandalolin biyu a bakin taga, ya karkata ɗaya, ya karkata ɗayar. Ya ajiye adasar ya ce, "Ninkin hatimi ne." Sannan ya juyo gare ni, gemunsa ya jiƙe.

"Kai da ka tare ni a matakala. Shekara arba'in ina juya ƙarfe, kana tsammanin ban san kofato da dakali ba? Tun ranar farko na gani, a ƙofar masallaci."

"To Usta, me ya sa..."

"In na ce masa e, gobe in zo in ce masa me?"

Na ce masa ai Baba ya yafe takalmin. Ya ce Sanusi bai isa ya yafe ba, gaban liman aka yi magana. Washegari da aka idar da la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci, ya warware rawaninsa ya miƙa mini, ya ɗora takalmin nan mai gindin taya a kan furfurarsa. Shekara da shekaru unguwar nan tana jiran wannan rana don ta yi dariya. Da ranar ta zo ba wanda ya iya. Mai tanda ya bar burodi a wuta ya fito ya tsaya. Muka bi bayan Usta a hankali, shi a gaba, hannu ɗaya riƙe da takalmi, har bene hawa uku. Da ya isa ƙofa sai muryar Inna ta fito daga bayan labule: "Usta, ajiye su inda yake ajiyewa. Ruwan shayi yana kan wuta." Ya ajiye su a bayan ƙofa, ya daidaita su. Sannan ya sa hannu a aljihun jallabiya ya fito da ledar sukari, ya tsaya da ita a hannu bai san wa zai miƙa wa ba. Ni na karɓa.

Yanzu kullum in na rufe shago da la'asar Sharafiyya nake nufa. In zauna a kujerar Baba, in fito da rubu'an biyu, in kafa adasa a ido, in ce, "Usta, ni fa na sake dubawa. Girgizar inji ce." Shi kuma ya zabura: "Inji? Kai zare ka sani, ya zol! Karkata shi!" Sai mu fara daga farko.

Allah Ya jiƙan Baba Sanusi. Mutum ne da bai taɓa jefar da abu don ya ga kuskure a jikinsa ba, a auduga ma yake naɗe shi. Ya Allah, Ka dubi nasa kurakuran da rahama, Ka yi masa hisabi mai sauƙi, ba tare da an karkata ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Inna haƙuri, Ka bar mana Usta ya daɗe yana kawo sukari. Amin.